Toshewar hanci da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: wace na'ura ce ta dace?

Bakano na Jarwal:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya nake da ita a madadin yayana, shekararsa 52, direba ne a nan Makka. Yau kusan shekara huɗu ke nan hancinsa a toshe, kuma ba mura ba ce mai zuwa ta wuce. Da dare abin ya fi tsanani, da baki yake numfashi, ya tashi da asuba maƙogwaro a bushe ƙamas, ga minshari. In ya kwanta ta dama ɓangaren dama ne ke rufewa, in ya juya hagu sai toshewar ta bi shi can. Majina ba ta da yawa sai in an yi ƙura ko ya daɗe a cikin mukayyif, wato na'urar sanyaya iska. Abin da ke riƙe da shi yanzu shi ne bakhakh ɗin nan, wato maganin fesawa a hanci, na saidaliyya (shagon magani) mai buɗe hanci nan take. Da farko sau ɗaya da dare yake fesawa, yanzu sau biyar ko shida a yini, ɗaya a mota ɗaya a ƙarƙashin matashi. Yana shan maganin hawan jini da asfirin.

Shawara ta yi masa yawa. Wani ya ce a ƙona masa naman hanci da abin da suke kira taraddud harari (zafin da na'ura ke samarwa da igiyar rediyo), wani ya ce leza, wani ya ce akwai balan-balan da ake hurawa a ciki. A intanet kuma ana ta tallar wata 'yar fitila ja da ake cusawa a ƙofar hanci, da wata da ake gogawa a fuska. Shi kuma banj na gaba ɗaya, wato allurar barci ta tiyata, yake tsoro. Don Allah masu sani, wanne ne a cikin waɗannan yake aiki da gaske, yaya ake yinsa, kuma me ke iya biyo baya?

Likitan hanci, Jidda:

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba yayanka lafiya. Na'urorin da ka lissafa kowacce da wurin da take gyarawa, kuma wadda ta yi wa wani aiki tana iya zama asarar kuɗi ga wani, don haka sai an fara sanin inda iskar take tsayawa.

A tsakiyar hanci akwai bango, gabansa guringuntsi bayansa ƙashi, shi ne a asibitocin nan za ka ji ana cewa hajiz. A kowane gefe kuma akwai wasu tsokoki uku a jere kamar kantoci, su ake kira ƙarniyyat, guda ɗaya kuma ƙarniyya. Na ƙasan shi ne babba, tsawonsa ya kusa santimita 5, cikinsa ƙashi ne siriri da nama mai kama da soso cike da magudanan jini. Shi ke ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya kama ƙura kafin ta sauka huhu. A jikin mai lafiya ma yana kumbura yana sacewa bi da bi, 'yan awoyi a dama 'yan awoyi a hagu, mutum bai sani ba. In an kwanta ta gefe, jini ya fi taruwa a ɓangaren da ke ƙasa. To abin da ka faɗa, cewa toshewar tana bin gefen da ya kwanta, alama ce mai ƙarfi ta cewa wannan naman ne ke kumbura, domin ƙashi ba ya sauya wuri. Mai karkataccen hajiz yawanci ɓangare ɗaya ne ke damunsa dare da rana.

Wuri na uku shi ne mashigar hanci, ɗan lungun da ke kamar santimita ɗaya da ɗoriya daga ƙofa, inda guringuntsin gefe ya haɗu da hajiz. Nan ne mafi ƙunci a duk hanyar iska, kusurwarsa digiri 10 zuwa 15 ce kawai. Ya tsaya gaban madubi ya ja numfashi da ɗan ƙarfi. In gefen hancin yana loɓawa ciki, bangon ya yi rauni. Sannan ya sa yatsa biyu a kumatu kusa da hanci ya ja fatar a hankali wajen kunne. In iska ta buɗe sosai, mashigar tana da hannu a matsalar. Wannan gwaji yakan nuna e ko ga wanda ba shi da matsalar, shi ya sa a asibiti ake maimaita shi da ɗan siririn tsinke ana ɗaga bangon daga ciki.

Na huɗu shi ne lahmiyya, wato tsiron da ke saukowa daga kogunan fuska (ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska) kamar ɓararren inabi, tare da kumburin kogunan. A ƙasashe masu zafi irin Saudiyya da Sudan akwai nau'in da fumfuna ke haddasawa, mai kaurin majina kamar tunkuza, kuma ba baƙo ba ne a nan. Wannan babu abin da ƙona ƙarniyya zai yi masa.

Amma maganar gaskiya, a halin da yayanka yake ciki babu likitan da zai iya auna hancinsa daidai sai ya rabu da wannan bakhakh. Duba jikin kwalbar, za ka ga xylometazoline, wanda ke cikin Otrivin, ko oxymetazoline. Suna matse jijiyoyin jini, hanci ya buɗe cikin minti biyu zuwa biyar. In aka wuce kwana uku zuwa biyar ana yi a jere, jijiyoyin sai su saba, maganin na sakin su sai su buɗe fiye da da. Mutum ya ƙara fesawa, tazarar ta ragu daga awa goma zuwa awa uku. Sau shida a yini na nufin wani kaso mai yawa na toshewarsa maganin ne da kansa ke kawo ta. Ga mai hawan jini kuma yana iya ɗaga jinin da bugun zuciya.

Yadda ake yaye shi: a fara bakhakh mai kotizon, maganin rage kumburi, irin mometasone ko fluticasone, fesa biyu a kowace ƙofa sau ɗaya a yini. A daina wancan a ƙofa ɗaya tukuna, a ci gaba da shi a ɗayar da dare kaɗai, bayan mako ɗaya ko biyu in wadda aka yaye ta fara buɗewa sai a daina gaba ɗaya. Kwana uku zuwa bakwai na farko su ne masu wuya, ya ɗaga kansa da matashi biyu. Mai kotizon ba ya buɗe hanci nan take, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kullum kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba fesawar ce ba daidai ba. A sunkuyar da kai kaɗan, a riƙe kwalba da hannun dama don ƙofar hagu, hannun hagu don ƙofar dama, bakin ya kalli wajen kunne. In ya kalli hajiz shi ne ake samun haɓo. Kada a zuƙe da ƙarfi, in ka ji ɗacinsa a maƙogwaro ya wuce inda ake so.

Bayan mako shida zuwa takwas sai ya je sashen hanci da kunne da maƙogwaro a duba shi da minzar, wato siririyar na'urar leƙa cikin hanci. Likita zai duba, ya fesa maganin matse jijiya, ya jira minti goma ya sake dubawa. Abin da ya sace nama ne, na'ura za ta iya rage shi. Abin da ya tsaya ƙyam ƙashi ne ko guringuntsi ko tsiro. Ya tafi da duk kwalayen maganinsa, domin wasu magungunan hawan jini da na mafitsara su ma suna cushe hanci, amma kada ya daina ko ɗaya da kansa.

Abu guda ba a jira masa mako takwas: toshewar ɓangare ɗaya da ke ƙaruwa tare da jini a majina, ko mutuwar wani sashe na fuska, ko kumburin ido da gani biyu-biyu, ko ruwa garau mai gishiri-gishiri da ke ɗiga daga ƙofa ɗaya in an sunkuya. Wannan asibiti a makon.

Ma'aikaciyar jinya, Madina:

Alhaji, sannu da ƙoƙarin ɗan'uwa. Likita ya gama maganar yaye bakhakh, ni kayan gida zan ɗora, don su ma na'urori ne kuma su ke sauƙaƙa waɗancan kwanakin masu wuya.

Wanda ya fi kowanne amfani shi ne gorar wanke hanci. Roba ce mai laushi mai cin mililita 240, ana samunta a manyan saidaliyyoyi da 'yan ƙunshin gishirinta, ƙunshi ɗaya gora ɗaya. Ba daidai take da ɗan fesa ruwan gishirin nan ba, wancan jiƙa bakin hanci kawai yake yi, wannan kuwa yawan ruwan ne ke kwaso ƙura da majina da tasono daga can ciki. Mai son haɗawa da kansa ya zuba giram 9 na gishiri marar ayodin a lita ɗaya ta ruwa, wato kamar cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, ya ƙara rabin cokalin shayi na bikarbonat don rage raɗaɗi. In ruwan ya yi zafi a hanci kamar barkono, ko dai gishirin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ruwa zalla ma yana da zafi.

Maganar ruwan ita ce ba na son a yi wasa da ita. Gidajenmu a nan ruwan famfo daga khazzan, wato tankin ajiye ruwa, yake zuwa, wani na ƙarƙashin ƙasa wani na saman rufi yana shan rana, wani gidan ma wayit ne, wato motar dakon ruwa, ke cika shi. Ruwa mai ɗumi da ya kwanta shi ne mazaunin wata ƙwayar halitta mai suna Naegleria. Shanta ba ya cutarwa, amma in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Ba a cika samu ba, sai dai wanda ta kama da wuya ya tashi. Saboda haka a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya cur yana tafarfasa, mutanen Abha da sauran wurare masu tudu su ba shi minti uku, a bar shi ya huce zuwa ɗumin jiki. Ko a sayi tataccen ruwa na saidaliyya. Wanda aka tafasa kada ya wuce kwana ɗaya a rufaffen mazubi.

A tsaya a bakin wurin wanke hannu, a sunkuya, baki a buɗe ana numfashi ta nan. A sa bakin gorar ya toshe ƙofa ɗaya, a matsa a hankali har ruwan ya fito ta ɗaya ƙofar. Rabin gora a dama, rabi a hagu. Sai a fyace a hankali ba tare da an toshe ƙofa ɗaya gam ba. In aka matsa da ƙarfi ko aka haɗiyi yawu ana cikin matsawa, ruwa na iya bi ta bututun da ya haɗa hanci da kunne, kunne ya toshe ya yi ciwo. Mai ciwon kunne ya dakata har ya warke. A yi wankin kafin a fesa mai kotizon da kamar minti goma sha biyar, in aka juya tsarin an wanke maganin ke nan. Kada a yi shi dab da kwanciya, a ba da awa ɗaya, don ragowar ruwan yakan sauko daga baya. Gorar a wanke ta da sabulu a kife ta bushe, a sauya ta duk wata uku. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki da lokacin sahur, tunda ko a alwala an hana mai azumi kai matuƙa wajen shaƙa ruwa.

Sai filastar hanci, irin Breathe Right. Tana da 'yan sanduna masu tauri a ciki waɗanda ke son miƙewa, su ke jan gefen hanci waje. Mashigar hanci kaɗai take buɗewa, ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne liƙa ta a kan ƙashin karan hanci. Wurinta ƙasa da nan ne, daidai saman inda hanci ya fara faɗi. A wanke wurin da sabulu a goge ya bushe sarai, don maiƙo da gumi su ke ɓamɓare ta cikin dare, a danna ta daƙiƙa talatin. Kada ta wuce awa 12, a cire ta da ruwan ɗumi. Akwai kuma na roba da ake sawa a cikin ƙofar hanci, irin Mute, mai girma uku. In ya yi ƙanƙanta zai faɗo, in ya yi girma zai goge hajiz har ya yi gyambo. Amfanin waɗannan biyun bai tsaya a barci ba: in yayanka ya kwana uku da filasta ya ji bambanci mai yawa, ya faɗa wa likita, bayani ne da zai taimaka wajen zaɓen na'ura.

Na'urar danshi kuma sai an lura da gari. A Madina da Riyad iska a bushe take, mukayyif ya ƙara busar da ita. A Jidda danshi ya riga ya yi yawa, ƙarinsa sai ya haifar da fumfuna da ƙananan ƙwarin katifa masu tada hassasiyya, wato borin da jiki ke yi in ya haɗu da abin da bai karɓa ba. A sayi ɗan ma'aunin danshi, a tsayar da ɗaki tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A zubar da ruwanta kullum, a wanke tankin duk kwana uku. In ka ga farar ƙura a kan talabijin da madubi, gishirin ruwan famfo ne take fesowa, kuma shi kuke shaƙa. Ragar mukayyif a wanke ta duk mako biyu, ta motar ma a sauya ta tunda a nan yake yini, kuma iskar kada ta riƙa dukan fuskarsa.

Na san turaren wuta ba abin da za a ce Bahaushiya ta daina ba ne, balle a ƙasar bakhur. A turara ɗakin kwana da wuri a buɗe taga, kada ya kwanta hayaƙi na tashi. Sirace kuwa sauƙinsa na ɗan lokaci ne, ga hatsarin ƙuna in akwai yara.

Bakano na Jarwal:

Likita da Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Mun yi gwajin madubi, gefen hancin ba ya loɓawa, jan kumatu ma bai sauya wani abu sosai ba. Za mu fara yayen daga daren yau. To in an yi wata biyun nan kuma likita ya ce naman ne har yanzu, yaya shi taraddud hararin yake? Kuma asfirin ɗin fa?

Likitan hanci, Jidda:

To Malam, in haka ne yana cikin waɗanda wannan aikin ya fi yi wa amfani, kuma ba ya bukatar banj na gaba ɗaya.

A zaune ake yi a kujerar asibiti. Za a cusa auduga da aka jiƙa da lidocaine da maganin matse jijiya, ta yi kamar minti goma. Sannan a yi allurar kashe wuri a jikin ƙarniyyar ƙasa. Wasu sukan ji zuciya na bugawa na ɗan lokaci ko haƙoran gaba sun mutu, wannan allurar ce, yana wucewa. Sai a soka wani siririn tsinke a cikin naman, a ƙarƙashin fatar, a tura shi ta tsawon ƙarniyyar zuwa baya. Bakinsa na sakin makamashin da ke dafa naman ciki da zafi marar yawa. A nau'in da ake kira Coblation zafin tsakanin digiri 40 zuwa 70 yake tsayawa, alhali ƙarfen ƙuna na da yana kai ɗaruruwa. Kowace suka daƙiƙa goma zuwa ashirin ce, sau biyu ko uku a kowane gefe. Duka aikin bai cika wuce minti ashirin ba, ya tashi ya tafi gida, yawanci ba a cusa masa ƙyalle.

Hikimar ita ce a rage sosan da ke ciki a bar fatar sama lafiya, domin a kanta ne ƙananan gasun da ke tura majina baya suke. Wurin da aka dafa yana zama tabo, tabon ya tsuke ya ja naman ya manne da ƙashi. Wannan ba ya faruwa a yini ɗaya. A makon farko hancin zai fi da toshewa, kuma a nan ne mutane ke komawa tsohon bakhakh su ɓata aikin. Sauƙi na farawa a mako na biyu ko na uku, cikakken sakamako sai mako shida. Kwanakin farko ban da fyace da ƙarfi, ban da ɗaukar kaya mai nauyi da shiga rana mai zafi, atishawa a yi ta da baki a buɗe, shaƙa ruwan alwala a yi shi sama-sama. Wankin da Hajiya ta bayyana shi ne rabin jinyar.

Abin da ke lalacewa kuwa ga shi. In tsinken ya yi kusa da sama ya ƙona fata, sai ɓawo mai kauri ya yi makonni, wani lokaci da wari. In ƙunar ta fuskanci wani rauni a jikin hajiz, su biyun suna iya haɗewa su yi gada, sai an dawo an raba. In an rage gaba an bar wutsiyar baya, mutum zai ji daidai da rana amma da ya kwanta ya toshe. In girman na ƙashi ne, zafi ba ya rage ƙashi, sai dai a karya shi a tura gefe ko a yi aiki da na'urar aski mai juyawa wadda ke yanka tana zuƙewa, kuma wannan an fi yinsa a ɗakin tiyata. Sannan naman yana iya sake girma bayan 'yan shekaru, musamman in hassasiyyar da ta kumbura shi tana nan ba a kula da ita ba. Ana iya maimaitawa. Leza ma ragewar take yi, sai dai yawanci daga sama take ƙonawa, don haka ɓawonta ya fi daɗewa, kuma ba ta fi wannan sakamako ba.

Abin da zan roƙe ku shi ne kada ku yarda a cire ƙarniyyar gaba ɗaya, ko da shi ne ya ce a cire kowa ya huta. Wanda aka kwashe wa ita yana iya samun hanci a buɗe wayam amma yana jin kamar ana shaƙe shi, saboda fatar da ke jin wucewar iska ta tafi, ga bushewa da ɓawo. Gyaran wannan yana da wuya ƙwarai. Gara a rage kaɗan a dawo a ƙara.

Asfirin yana ƙara yiwuwar haɓo, a ranar ko bayan mako ɗaya lokacin da ɓawo ke faɗuwa. Amma wanda ya rubuta masa shi ne kaɗai zai ce a dakata ko kada a dakata. In an taɓa sa masa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, dakatarwar ta fi haɓon hatsari. Jininsa kuma ya zama a daidaice kafin ranar. Mai batirin zuciya dole ya faɗa tun farko.

Sauran na'urorin, don masu karatu da matsalarsu ta bambanta. Wanda gefen hancinsa ke loɓawa, akwai VivAer na kamfanin Aerin Medical. Ba a suka, kan sandar ake dannawa a bangon mashiga daga ciki, ya riƙe zafi a digiri 60 na daƙiƙa 18, a wurare uku ko huɗu a kowane gefe, guringuntsin ya ɗan sauya siffa ya ƙara tauri. Wurin yakan yi tsami da ɓawo har mako uku. Akwai kuma Latera, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2016. Ɗan sanda ne siriri mai kan gwafa, tsawonsa santimita biyu da ɗoriya, ana tura shi ta cikin allura ya kwanta a bangon hanci, gwafar ta dogara a kan ƙashi kamar tokara. Yana narkewa cikin kamar wata 18, ya bar tabon da ke ci gaba da riƙe wurin. Mai siririyar fata yana iya jinsa da yatsa, mai tabarau yana iya jin dannawa, wani lokaci bakinsa kan leƙo ta ciki sai an zare.

Wanda kuma babbar damuwarsa yoyon majina ne, da ya ci abinci mai yaji ko ya fito daga mukayyif zuwa zafi sai hanci ya ɓalle, nasa aikin a jijiyar da ke can bayan hanci yake, mai ba da umarnin zubar ruwa da kumburi. ClariFix ɗan balan-balan ne a bakin sanda, ana kai shi wurin da minzar, a daskarar da jijiyar da iskar nitrous oxide kamar minti biyu a kowane gefe. Bayansa akan yi ciwon kai irin na wanda ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara, ya lafa cikin awa ɗaya ko makamancin haka. Ba a yi wa wanda sanyi ke fitar wa da borin jini. RhinAer wannan jijiyar yake nufa amma da zafi. Sun fi rage yoyo a kan toshewa, kuma wanda bakhakh na ipratropium ya tsayar wa da majina ya fi sa ran dacewa. In hajiz ya karkace sosai sandar ma ba za ta isa wurin ba.

Balan-balan da aka faɗa wa yayanka na faɗaɗa ƙofofin kogunan fuska ne, ga wanda hoton maƙta'iyya, wato CT, ya nuna sun toshe. Ba ya rage ƙarniyya, ba ya miƙar da hajiz.

Injiniyan kayan asibiti, Riyad:

Malam Bakano, ba a taɓo fitilar da ka tambaya ba. 'Yan ƙwayaye biyu ne masu ba da jan haske, ana sa su a ƙofar hanci na 'yan mintoci. Hasken ba ya wuce gaban hanci, kuma hujjar amfaninsa mai rauni ce, a kan hassasiyya ma aka gwada shi, ba a kan naman da ya shekara huɗu a kumbure ba. Wadda ake gogawa a fuska, irin ClearUP, wutar lantarki ce 'yar mitsitsiya take sakarwa a kumatu da gefen hanci da ƙasan gira, minti biyar kowane zama. Sauƙin da take bayarwa na awoyi ne, kuma an hana mai batirin zuciya da duk mai wata na'urar lantarki a jiki. Akwai masu aiki da girgizar sauti, SinuSonic da SONU, su ma sai an riƙa maimaitawa kullum. Ba zan ce duk banza ba ne, wanda toshewarsa ba ta yi nisa ba yana iya jin daɗinsu. Amma na yayanka ya wuce nan, kuɗin gara ya tafi wajen minzar. Wanda zai saya ya tabbatar tana da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, don kwaikwayonsu ya cika kasuwannin intanet.

Ina ɗan ƙara wa Likita a kan kuɗi. Kan sandar VivAer da na ClariFix da allurar Latera duk sau ɗaya ake amfani da su a yar, shi ya sa suke da tsada, kuma ba kowace takardar inshora ke ɗaukarsu ba. Ku tambayi sunan na'urar da za a yi aiki da ita, kuma a buɗe kan a gabanku daga ledarsa. Rage ƙarniyya da miƙar da hajiz aikin lafiya ne, ana neman musu muwafaƙa, wato amincewa, daga kamfanin inshora kafin a yi, amma da kalmar tajmil, wato aikin kwalliya, ta shiga takardar za a ƙi. Abin da ke ƙarfafa bukatar shi ne rahoton minzar da shaidar cewa an yi makonni ana magani bai yi ba, don haka ku adana takardar bakhakh mai kotizon da ranar da aka fara.

Akwai ma'aunin da likitoci ke cikewa mai suna NOSE, tambaya biyar: cushewa, toshewa, wahalar numfashi ta hanci, wahalar barci, da rashin isasshiyar iska lokacin aiki. Kowacce maki 0 zuwa 4, a tara a ninka sau biyar, ya ba da 0 zuwa 100. Daga 55 zuwa sama ana ɗaukarsa mai tsanani. Ya cike yau kafin ya fara yaye, ya sake bayan mako takwas, ya tafi da lambobin biyu. Minsharin kuma, ku tambayi iyalinsa ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci. In yana yi, ga hawan jini ga tuƙi, a nemi gwajin barci tare da na hancin, domin buɗe hanci kaɗai ba ya warkar da wancan.